Kunkurun Yeye

Litinin, 13 ga Nuwamba

Kai da ka rubuta takardar nan da aka manna a bakin layinmu, ka taɓa goya tsohuwa mai shekara saba'in da uku ka hau gadar sama da ita? Ban san sunanka ba, hatimi kawai ka buga, amma da kai nake.

Wai daga ɗaya ga Janairu, 'yan ƙananan motocin lantarki na tsofaffi, marasa lamba, ba za su ƙara hawa titin garin nan ba. Wadda aka kama a ƙwace. Tamu ja ce, kujera ɗaya a gaba, biyu a baya a matse. Nainai, kakata, ita ta sa mata suna Kunkuru. Shekara shida kakana Yeye yana tuƙa ta, ta taga muke zuro mata waya ta sha wuta. Da ita yake kai Nainai wankin ƙoda, Litinin da Laraba da Juma'a, kilomita tara. In ta fasa zuwa sau biyu ƙafafunta sai su kumbura, numfashi ya gagara. Tashar bas kuma tana can ƙetaren gada, matakala hamsin da huɗu. Na ƙirga.

Na karanta wa Yeye takardar. Ya kurɓi kunun geronsa, ya ce, "Dongzi, miƙo tafarnuwa." Shi ke nan.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Na bar shagon gyaran babura da rana na je ofishin unguwa. Anti Gong, jami'ar ofishin, tana ɓare lemo a kan tebur. Ta san ni tun ina yawo ba wando, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Na ce da me tsofaffi za su je asibiti? Ta ce akwai tasi, ana kira ta waya. Na ce Yeye ko kira aka yi masa sai ya kashe wayar wajen neman ɗauka. Ta ce ya nemi lasisi ya sayi mota ta gaske. Mutumin da aji biyu na firamare kawai ya yi, shi zai zauna gaban kwamfuta ya amsa tambaya ɗari?

"Bara mutum uku suka mutu a cikin waɗannan gwangwanayen," in ji ta. "Ni na je gidajen gaisuwa, ba kai ba."

Na ce manyan motoci kuma nawa suka kashe, an hana su? Ta miƙo mini rabin lemon. "Bakinka ya fi burkinka ci, ɗan gidan Dou. Za a yi taron jin ra'ayi ashirin ga Disamba. Ka zo ka yi ihunka a can."

Ban karɓi lemon ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Facin taya goma sha ɗaya yau a shago, batir biyu. Kowane tsoho ya shigo tambaya ɗaya: da gaske ne?

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Ranar karatuna. Na gama wani littafi da na tsinto wajen mai sayen tsofaffin takardu, kan yadda birane za su kasance nan gaba. Wai mota za ta zo ƙofar gidanka da kanta ba direba, ba hayaƙi, ba ƙara. Shafi ɗari biyu da wani abu, ba tsoho ko ɗaya a ciki. Kowa matashi ne mai ƙoda lafiyayya.

Mu da muke tafiya da lantarki tun kafin masu rubuta littattafan nan su san ana yi! Yanzu da aka sa wa abin gilashi mai sheƙi da kujerar fata sai ya zama ci gaba, namu kuma ya zama shara.

Baba ya kira daga kudu. Shekara tara yana masana'antar batir, batiran irin waɗancan motocin masu sheƙi. Ya ce, "Kada ka ja wa kanka magana da hukuma." Na ce ya aiko mana da mota ɗaya daga cikin waɗanda yake wa batir. Bai kamata in faɗa ba. Na dai faɗa.

Talata, 5 ga Disamba

Takardar koke ta cika. Tsofaffi sittin da ɗaya sun dangwala yatsa da jan tawada. Mai kai jika makaranta, mai kai kabeji kasuwa, mai kai mijinta gashin ƙashi. Yeye ya dangwala nasa a gefen layi, kusan a kan tebur. Na yi masa dariya na gyara masa hannu.

Na ga sabuwar lotsawa a gefen Kunkuru. Ya ce wani sakarai ne ya dasa turke inda da babu.

Juma'a zan bi Yeye da Nainai in ɗauki bidiyo tun daga gida har asibiti, in nuna a taron. Su ga yadda tsoho yake tuƙi a hankali, su ji kunya.

Juma'a, 8 ga Disamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na matsu a baya kusa da Nainai, waya a hannu. Muna fita layi ta fara magana, ƙasa ƙasa, kamar mai jan carbi. "Keke a dama. Wuce. Rami. Ja ce, tsaya. Tsaya, tsoho. Ta yi kore, tafi." Hannunta a kan kafaɗar Yeye, tana matsawa tana saki. Na ɗauka mitar tsofaffin mata ce, har na ce, "Nainai, ki bar mutum ya yi tuƙinsa mana."

Awa huɗu tana kan na'ura. Ta fito kamar an matse tsumma. Da muka shiga mota ta ciro busasshen barkono daga aljihu, ta kalle shi, ta kalle ni, ta mayar. Ta ce, "Yau kana nan." Kafin mu wuce gidan mai ta yi barci a kafaɗata.

A mahaɗar kasuwar kayan lambu fitila ta yi ja tun muna nesa. Ina ganinta ta cikin wayar. Ina jiran Yeye ya taka burki. Bai taka ba. Ko rage gudu bai yi ba. Muka shige tsakiyar titi, wata babbar motar siminti ta ja burki har tayoyinta suka yi hayaƙi, ta tsaya hancinta kusan a jikin tagar Nainai. Direban ya leƙo yana zagin kakanninmu takwas.

Yeye ya ce, "Tsohuwa, me ya faru? Ba ki ce komai ba."

Duk yana cikin bidiyon.

Asabar, 9 ga Disamba

Na tsayar da Yeye gaban kalandar bango, taku uku. Na ce ya karanta mini lambar yau. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne. Na ce yatsu nawa na ɗaga? Ya ce in sauke hannuna kafin ya karya shi.

Nainai ce ta faɗa. Shekara biyu ke nan. Likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa, ba a gyarawa. Yana ganin haske da inuwa, hanyar kuma ya haddace ta. Ita ce take gane masa fitila. A hanyar dawowa takan tauna barkono don kada barci ya ɗauke ta. Mai ciwon ƙoda, da bakin da ba a bari ya sha ruwa sosai, tana tauna barkono sau uku a mako.

Na yi ihu. Na ce ku biyu kun haukace, kun kusa kashe kanku, kun kusa kashe na wani. Na ce me ya sa ba ku gaya mini ba?

Yeye ya ce, "Mu gaya maka ka yi me? Ka bar aiki? Ubanka ya baro masana'anta?" Sai ya laluba kujera ya zauna. Ban taɓa lura yana lalube ba. Gida ɗaya muke kwana.

Litinin, 11 ga Disamba

Na zare fiyus ɗin Kunkuru na ce sanyi ya kashe batir. Na kira tasi ta waya, na raka su. Yeye ya san batirin lafiyarsa lau, shi ya koya mini riƙe sukundireba.

Laraba, 20 ga Disamba

Taro. Ɗaki ya cika da tsofaffi da tari. Wani jami'i mai baƙar jaket ya karanta takarda minti ashirin. Da aka ba ni dama na miƙa koken, na yi maganar gada da matakala hamsin da huɗu. Wani tsoho ya ce, "Nuna musu bidiyon, Dongzi! Ka ce ka ɗauka!" Na ce wayar ta lalace.

Jami'in ya ce za a duba. Kullum za a duba.

A bakin ƙofa Anti Gong ta riƙo hannun rigata. "Na ga kakanka a tasi." Na ce to? Ta ce, "Ba komai. Direban motar simintin ƙanin mijina ne." Ta sake ni. Ba ta faɗa wa kowa ba a cikin taron, alhali tana da dama.

Lahadi, 31 ga Disamba

Na mayar da fiyus, na tuƙa Kunkuru zuwa filin da ake karɓar motocin da aka hana. Yeye ya zauna a baya, a wurin Nainai. Duk hanya yana gaya mini: nan akwai rami, nan ka sassauta, fitilar nan tana daɗewa. Bai kuskure ko ɗaya ba. An jera su a filin, ja da shuɗi da fari, kamar kwanukan da aka kife. Ya shafa rufin tamu sau biyu, ya ce mu tafi, sanyi ake yi.

Laraba, 3 ga Janairu

Na shirya da maigidan shago: safiya uku a mako ina asibiti, in biya da Lahadi. Karatu sai a bencin jira. Na sa sunana a makarantar koyon tuƙi. Yau Nainai ta yi barci tun daga ƙofar asibiti har gida, baki buɗe, tana munshari. Na zubar da barkonon da ke aljihun rigarta.

Anti Gong ta aiko da lemo. Na ci. Ban ce tana da gaskiya ba.

Yeye yana da ni. Sauran sittin ɗin da suka dangwala yatsa fa? Na bi takardar suna bayan suna, waɗanda suke da ɗa ko jika a garin nan ba su kai goma ba. Tsohuwa Meng mai kai mijinta gashin ƙashi ta fasa zuwa jiya. Nawa ne a cikinsu suke tuƙi da idon wani, ban sani ba, ina tsoron tambaya.

Kai mai hatimi, ka ƙwace motocin, to na ji. Akwai taro sha bakwai ga wata. Ka zo da kanka, ka tsaya gaban tsofaffin nan, ka faɗi sunanka, ka gaya musu da bakinka wa zai kai su asibiti.