Baffa a Bango

Kadawa, 9 ga Maris, 1977

Zuwa ga Yaya Lukmanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Iyatu da yara. Mu ma lafiya lau, alkama ta yi kyau.

Yaya, kaina ya ɗaure. Ran Talata na kai tumatir birni, malamin gona ya ja ni wani gidan tarihi da aka baje hotunan aikin noman rani. Ina shiga sai ga Baffa a bango, tsaye bakin kanal ɗin ban ruwa, sanda a wuya! Shekara biyu da rasuwarsa fa. Wallahi ban san sanda na tuɓe takalmi na durƙusa ba, mutane suna ta dariya. A ƙasa an rubuta wai "wani makiyayi". Wani!

Na ce a ba ni ubana in tafi da shi gida. Mai kula da wurin ya ce hoton na jama'a ne, amma in mun matsa zai sauke shi ya kulle a sito. To ni ba jama'a ba ne? Mutumin da ko fura ba ya sha gaban baƙo, yau kowa na ƙare masa kallo. A sauke ko a bari? Inno ta ji, ta ce a kai ta.

Naka,
Sada

Kadawa, 21 ga Maris, 1977

Yaya Lukmanu,

Ina gaisuwa, ya jikin Iyatu? Allah ya ƙara sauƙi.

Na kai Inno da nufin tana gani a sauke. Ta tsaya daga nesa, kai a ƙasa, kamar yadda ta saba in Baffa yana tsakar gida. Mai kula da wurin ya tambaye ta sunan mai hoton don ya gyara rubutun. Haba! Yaushe Inno ta taɓa faɗar sunan mijinta? Ni na ce masa Jaji.

Can sai ta ɗaga kai. Yaya, har aka kira la'asar ba ta motsa ba. Na rasa abin yi, na fita na dawo sau uku. A mota ta ce mini shekara arba'in suna tare, kunya ba ta taɓa barin ta ta dube shi ido da ido ba, sai yau da taron mutane ya ba ta mafaka.

Har yanzu ban gane hoton na waye ba. Ita dai ta ce kada a taɓa shi, kuma in tambayo mata ranakun da ake buɗe ƙofa.

Ka gaida yara.

Ƙaninka,
Sada