Shanun Ardo Labaran

Sabon Gari, Wudil
3 ga Maris, 1975

Zuwa ga ɗana Sabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya aiki, yaya baƙunta? Allah ya sa ka saba da Haɗeja.

Ka yi haƙuri da rubutuna. A aji huɗu na tsaya, kuma na daɗe ban riƙe alƙalami ba. Da babanka ke rubuta maka, ni nawa kawai in ce, "Malam, gaya masa kaza." Yanzu dole in koya wa hannuna.

Na fita takaba ranar Alhamis. Yayarka Barakatu ta zo daga Utai da yaranta, maƙwabciyarmu Talatu ta yi mini kitso, muka yi ɗan waina muka raba sadaka. Alhamdu lillahi, zuciyata ta kwanta fiye da da. Ina cin abinci, ina barci, na koma saƙar tabarmata.

Ranar Juma'a ce kawai take yi mini nauyi. In aka tashi kasuwar shanu, har yanzu Fulani na zuwa ƙofar gida suna sallama, "Ina likita?" Wasu ba su ji rasuwar babanka ba. Wani dattijo daga Lajawa da Talatu ta gaya masa, sai ya zauna a dakali ya kasa tashi. Da zai tafi ya bar ƙwaryar man shanu. Shekara ashirin da shida babanka yana malamin dabbobi, ban san yawan mutanensa ba sai yanzu.

Ga shi kai ma aikinsa ka ɗauka. Allah ya yi maka albarka a ciki. Wa yake dafa maka abinci? Ka gaya mini gaskiya.

Ka huta lafiya.
Ni ce mahaifiyarka,
Hansai

*

Ofishin Dabbobi, Haɗeja
16 ga Maris, 1975

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta biyayya da ladabi, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Takardarki ta iso, kuma rubutunki ya fi na akawunmu karantuwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Abinci kuwa, matar maigidan da nake haya take ba ni.

Inna, ba zan ɓoye miki ba, aikin bai yi mini daɗi ba. An ba ni rugagen fadama in yi wa shanunsu allurar rigakafin ciwon huhu. Babbar rugar ita ce ta Ardo Labaran, kuma duk abin da ya yi shi sauran suke bi. Maganin a cikin ƙanƙara muke ɗaukarsa, in an haɗa shi ba ya jure rana. Amma don sauri na haɗa tun daga ofis, muka shiga motarmu Landiroba, muka isa da hantsi. Na ce sannunku, na buɗe littafi, na fara ƙirga shanu da yatsa don in san yawan allurar.

Sai Ardo ya matso ya ce, "Samari, sayen shanun ka yi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To gado aka bar maka a ciki?"

Na ce a'a, aikin gwamnati ne.

Ya ce, "Madalla. Gaya wa gwamnati yau shanu sun ƙoshi. Ku dawo gobe."

Mutanensa suka yi ta dariya. Washegari da muka koma, babu ko ɗan maraƙi, sai turaku da kashin shanu. Direbanmu Maikano ya miƙo mini hannunsa ya ce, "Yallaɓai, yi mini allurar, kada magani ya lalace a banza." Sau uku ke nan ana yi mini haka.

Babbanmu ya kira ni ya ce har yanzu a gwaji nake. In ƙarshen Afrilu ya yi, ruwa ya sauka, Fulani suka watse ban yi wa shanun nan allura ba, ba zai sa hannu a tabbatar da ni a aiki ba.

Abokina Bilya, wanda muka yi firamare tare, yana wurin wani ɗan kwangilar siminti a Kano. Har ya sayi babur sabo. Ya ce in ajiye wannan wahala in zo, akwai wuri. In na koma Kano, kowace Juma'a ina gabanki. Ina neman shawararki.

Ki gaishe da Yaya Barakatu da Baba Talatu.
Ɗanki mai biyayya,
Sabo

*

Sabon Gari, Wudil
24 ga Maris, 1975

Sabo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarka sau biyu. Da na zo kan Maikano sai na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, har Talatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Hansai, lafiya? Ko miji kika samu?" Na ce, "Ke dai je ki duba tuwonki."

Maganar Kano, ba zan yi maka ƙarya ba, ina son ganinka kowace Juma'a. In ka ga aikin nan ba naka ba ne, ka bar shi, ba zan yi fushi ba. Amma kada ka bar shi don an yi maka dariya. Ka fara yin sa yadda ake yi tukuna, sannan ka san ko ka ƙi shi.

Ɗana, kai ka yi laifi. Ba a nuna saniyar Bafulatani da yatsa, ba a ƙirga ta a gabansa. Wasu tsoron baki suke yi, wasu kuma duk wanda ya zo da littafi yana ƙirga, jangali suke tunawa. Ni ban yi makarantar dabbobi ba, amma na ga yadda babanka yake yi, bari in gaya maka.

Ba ya zuwa ruga da magani ranar farko. Keke yake hawa da la'asar, ba littafi, ba jaka. Ya yi sallama daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya zauna inda aka nuna masa. Ya gaida Ardo, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa da ciyawa. In an kawo nono ya sha, ko da ya ƙoshi. Ba ya cewa saniya ta yi kyau sai ya haɗa da tubarkalla. Sai zai tashi yake cewa, "Yaushe kuke so in zo?" Su za su sa rana. Ranar kuwa, kafin a kwance shanu yana wurin. Bai taɓa sa su jira shi ba. Kuma ba ya haɗa magani sai ya ga an kama saniyar farko.

Za ka ce to yaya yake sanin yawansu? Wake. Kullum zai fita nakan zuba masa wake a aljihun dama. Duk saniyar da ya yi wa allura, sai ya mai da ƙwaya ɗaya aljihun hagu, ba wanda ya lura. In ya dawo ya juye mini a faifai, ni in ƙirga, shi ya rubuta a littafi. Washegari in dafa. Yakan ce, "Hansai, yau shanun Lajawa za mu ci da manja."

Da ina ninke kayansa bayan rasuwa, na sami ƙwaya bakwai a aljihun farar rigarsa. Ban dafa su ba.

Abu ɗaya kuma. Babanka bai fi abokan aikinsa ilimi ba, shi da kansa yakan faɗa. Abin da yake da shi, in ya ce zai zo zai zo, in bai san abu ba ya ce bai sani ba.

Ga ƙullin kuka da daddawa na ba direban motar Haɗeja ya kawo maka. Ka ba matar maigidanka, ka ce ina gaishe ta.

Allah ya yi maka jagora.
Mahaifiyarka,
Hansai

*

Haɗeja
13 ga Afrilu, 1975

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙo ya iso, an gode.

Na ari keken masinjanmu na tafi rugar Ardo Labaran, bayan na sha tambaya kafin in gano inda suka koma. Na yi sallama, na tuɓe takalmi. Ardo ya dube ni ya ce, "A'a, samari! Ina motar? Ko gwamnati ta talauce?" Na ce gaisuwa na zo. Ya ce, "Yatsan fa, ka bar shi a gida?" Na ce yana aljihu, na ba shi haƙuri. Aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo nono. Inna, ƙwarya biyu na sha, cikina bai yafe mini ba har washegari.

Sau uku ina zuwa, ban yi maganar allura ba. Har na fara jin daɗin zaman. Na koyi cewa kowace saniya da sunanta, kuma in an kira ta takan ɗago kai.

A zuwa na huɗu ne abu ya lalace. Ardo ya sa aka jawo wata farar saniya, tana tari, tana numfashi da ƙyar, haƙarƙarinta duk a waje. Ya ce, "Likita," ranar ya fara kirana haka, "ga wannan. Kawo allurarka ka yi mata. In ta tashi, duk garken nan naka ne ka yi wa allura, har na maƙwabta."

Inna, na daɗe ina kallon saniyar nan. Na san ciwon ya ci ƙarfinta. Na kuma san in na soka mata allura zan sami kwana biyu ana ganin girmana, wataƙila ma a ba ni wasu shanun in yi musu rigakafi kafin ta faɗi. Maikano da ya rako ni yana ta taɓa ni yana raɗa, "Yallaɓai, soka mata mana, wa ya sani?"

Sai na ce, "Ardo, allurata ba ta warkarwa. Mai lafiya take tsarewa kada ya kamu. Wannan ba na jin za ta tashi. Ku ware ta daga garke yau, kada ta sha ruwa tare da sauran."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wato ka zo har gidana ka yi wa saniyata baki." Ya tashi ya shige bukka. Ba wanda ya raka mu.

Yau kwana biyar ke nan, ban ji komai ba. Saura kwana goma sha bakwai, kuma jiya hadari ya haɗu a gabas. Bilya ya sake aiko mini. Ban ba shi amsa ba. Ban sani ba ko na yi wauta.

Ki sa ni a addu'a.
Ɗanki,
Sabo

*

Sabon Gari, Wudil
19 ga Afrilu, 1975

Sabo,

Assalamu alaikum. Ba ka yi wauta ba. Ban koya maka wannan a takarda ba, kai ka yi abinka, kuma na ji daɗi har na kasa zama, na tashi na share tsakar gida da na riga na share.

Ko sun kira ka ko ba su kira ka ba, kada ka yi zuciya. Ka koma ka gaishe shi kamar yadda ka saba. Mutumin da dabbarsa ke ciwo ba ya jin magana, amma yana ganin wanda ya zo. In aikin ya kuɓuce, ka dawo gida da kanka a sama, ɗakinka na nan.

Nan an yi yayyafi ranar Laraba, kogi bai motsa ba tukuna. Akuyarmu ta haifi biyu.

Allah ya zaɓa maka mafi alheri.
Hansai

*

Haɗeja
6 ga Mayu, 1975

Inna,

Assalamu alaikum. A gurguje nake rubutu, mota na jira.

Na koma gaisuwa kamar yadda kika ce. Na tarar saniyar ta mutu. Ashe ranar da muka yi maganar, bayan tafiyarmu, Ardo ya sa an ware ta. Da na yi masa jaje sai ya ce, "Wanda aka turo mana bara, ya soka wa shanu biyu masu irin ciwon nan allura, ya rantse za su tashi. Kai ka ce ba ka iyawa. Zo jibi da asuba."

Kwana tara muna aiki, ruga bayan ruga, shi da kansa yake aikawa a gaya musu ina zuwa. Rugage biyu sun riga sun tashi ban same su ba, na kuwa rubuta haka a rahotona. Babbanmu ya karanta, ya sa hannu. An tabbatar da ni.

Sai dai akwai wata magana. Ardo ya je ofis da rawaninsa ya ce kada a canza musu likita. Don haka an bar ni a nan shekara biyu. Na rubuta wa Bilya na gode masa. Ban san yadda za ki ji ba.

Ɗanki,
Sabo

*

Sabon Gari, Wudil
12 ga Mayu, 1975

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi.

Ka tambayi yadda zan ji. Na yi kuka kaɗan, na wanke fuska, na ɗora tukunya. Shekara biyu ba ta kashe kowa. Ka zauna wurin mutanenka, ka riƙe su da kyau. In an ba ka hutun Sallah ka zo, in aiki ya hana, ni zan hau mota in zo in ga wannan Ardo da idona.

Ka gaishe shi. Ka ce masa uwar likita ta gode.

Mahaifiyarka,
Hansai