Farzidan Donar

Tsarnawa, 9 ga Afrilu

Aminina Hayatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Saratu da yara. Yaya zafin Tawa, yaya aikin ɗab'i? Mu nan sai godiya.

Albishirinka, na zama shugaban ƙungiyarmu ta Masu Kula da Tsuntsaye. Ka san Baba Abarshi, tsohon da ya kafa ta. Shekara ashirin yana ƙirga sheƙar shamuwa a tsamiyar filinmu yana rubutawa da ajami, shekara ashirin kuma ba a yi zaɓe ba, ko da yake dokokinmu sun ce duk shekara uku. Mun gaji, Hayatu. Muna son gina buro, wato ofishin ƙungiya, filin ƙarami ne, sai an sare tsamiyar, shi kuwa ko reshe aka taɓa sai ya yi kamar an taɓa uwarsa.

Wa zai dubi idon tsoho ya ce masa sauka? Ni ma ban iya ba. Sai na tuna dokokin da Faransanci aka rubuta su, Baba kuwa bai taɓa taka lakwal ba, bai yi boko ba. A babban taro na miƙe na kawo shawarar a ɗaga shi zuwa farzidan donar, shugaban girmamawa ke nan da Faransanci, na ce matsayi ne da ke sama da shugaba. Aka yi ta tafi. Ya yi kuka, wallahi, ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, kashegari ya yanka akuya ya ciyar da mu. Naman ya yi daɗi.

Don Allah ka buga mana takardar yabo da sunansa, da manyan baƙaƙe, ka zagaye ta da ruwan zinariya.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Tijjani

Tsarnawa, 17 ga Yuni

Aminina Hayatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Saratu? Allah ya ƙara sauƙi. Takarda ta iso, Baba ya rataya ta a zaurensa, kowa ya shiga sai an nuna masa.

Jiya kwamiti ya zauna kan maganar tsamiya, mu shida da Baba na bakwai. Mu uku muka ɗaga hannu a sare, uku suka ɗaga a bari, Baba ya ɗaga nasa tare da su yana murmushi, don a lissafinsa huɗu ta fi uku. Na ƙirga da ƙarfi, na tsallake shi. Ya zaci mantuwa ce, ya ƙara miƙa hannun. Na sake ƙirgawa, na sake tsallake shi.

Malama Wasila, wadda ke cikin masu cewa a bari, ta nemi dalili, sai na karanta doka ta tara: farzidan donar yana halartar zama, amma ba ya da ƙuri'a, in kuma an yi kunnen doki ɓangaren shugaba ke rinjaye. Baba ya roƙi a mayar masa da Hausa. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni na fassara masa, kalma kalma, ban rage komai ba.

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya ɓata mini rai, don na shirya wa faɗa. Hannun kawai ya ƙi saukewa. Muka wuce magana ta gaba, muka gama, muka shafa fatiha, hannun nan yana sama. Da na waiwaya daga bakin hanya ma bai sauke ba. Ka ce mini mugu in kana so, ban ji tausayinsa ba, haushi na ji.

Ran Asabar masu gatari za su zo. Sheƙa goma sha ɗaya ce a kai, duk da 'ya'ya a ciki, amma mai gini ba ya jira. Na riga na aika wa Baba takardar gayyata, don doka ta goma ta ce farzidan donar ne ke buɗe kowane aikin ƙungiya da addu'a.

Ka gaida Saratu da yara. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Tijjani