Mai Jan Ɗankwali

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar tata? Ni ma ina lafiya, amma lafiyar jiki kawai.

Na rubuto ne maimakon in kira, don kin san muryata ba ta da sirri. Wallahi ina cikin tsoro.

Kin san sana'ata tun zuwana ƙasar nan shekara huɗu: in hau bas in fita bayan gari, in zana gonaki da shanu da rumbuna, in kai wa mai shagon hotuna ya rataye. Abin da ban taɓa gaya miki ba, don kunya, shi ne babu zanen da nake gamawa ban sa ki ciki ba. 'Yar mitsitsiya, ba ki kai ɗan yatsa ba, a bakin gona, da jan ɗankwalin nan da kika raka ni tasha da shi. Dariya za ki yi, na sani.

To, a ƙauyen da na koma zuwa bana akwai wani manomi, ashe matarsa ma jan ɗankwali take ɗaurawa. Ni ko kallo ba ta ishe ni ba. Manomin ya shiga shagon, ya ga gonarsa a bango, ya ga mace mai jan ɗankwali. Ya duba na kusa da shi, ya sake ganin ta. Har guda biyar. Ya tafi wurin 'yan sanda ya ce wani baƙo yana laɓe yana bin matarsa. Jiya suka kwashe biyar ɗin, suka ce in zo ofis ranar Litinin.

Takardar izinin zamana saura mako uku ta ƙare. In aka buɗe mini fayil, ba za a sabunta ta ba, maganar ɗauko ku kuma ta mutu. Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa Inna.

Mijinki,
Baban 'Yan Biyu

*

Maman 'Yan Biyu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, yara suna zuwa makaranta. Ki shafa mini kansu.

Na tafka wauta, kuma ke na yi wa laifin. Da na dawo ɗaki ranar Asabar, na tarar da sauran zane tara jingine a bayan ƙofa, kowanne da ke a ciki. Duk takun da na ji a matakala sai in ce 'yan sanda ne. Na ce in suka zo bincike suka ga tara bayan biyar, ai na kaɗe. Sai na dama koren fenti, na bi ki ɗaya bayan ɗaya na shafe. A wani na mai da ke ciyawa, a wani ganye. Ina yi ina ba ki haƙuri kamar kina ji.

Ranar Litinin na je. Jami'ar da ke riƙe da maganar mace ce mai tabarau, ba ta da fara'a, ba ta kuma da tsawa, ni kuwa da ta yi tsawar ma da ya fi mini. Na ce matata ce nake zanawa. Ta ce kowa zai iya faɗin haka. Ta juya zanen, ta ga kwanan watan da nake rubutawa a baya, ta tambaye ni ko ina da tsofaffi, waɗanda na yi kafin in san ƙauyen nan. In mai jan ɗankwalin tana cikinsu, magana ta ƙare.

Inna lillahi! Shida daga cikin taran nan tsofaffi ne, daga shekarata ta farko. Shaidata ke nan, ni da hannuna na binne ta. In kuma ta lura da sabon fenti a kai, za ta ce ɓoye laifi na yi. Kin sha cewa tsorona ya fi hankalina sauri. Yau na yarda.

Ta ce in kawo su jibi, manomin da matarsa za su zo. Abinci ya ƙi shiga. Ina zaune ina kallon gonaki tara babu kowa a cikinsu.

Naki har kullum,
Baban 'Yan Biyu

*

Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara, da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Zauna ki karanta.

Na je da tsofaffin zanen shida, da tsumma da 'yar kwalbar kananzir a aljihu. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, na ƙasa kuwa ya shekara uku da ƙanƙamewa. Na gwada a ɗaki, tsoro ya hana ni. In na cika dirzawa, har ke zan goge.

Na jera su a teburin jami'ar, na faɗi gaskiyar abin da na aikata. Manomin ya miƙe yana huci, ƙato ne, wuyansa ya kai cinyata. Jami'ar ta ce ya zauna, ta ce in goge a gabansu. Na jiƙa tsumma, na shafa a hankali. Kore ya fita, kore ya sake fita, ba komai. Na ce shi ke nan, na kashe ki. A shafa ta huɗu sai ga ja.

Kika fito, Maman 'Yan Biyu. Na bi sauran biyar, kika fito a duka. Jami'ar ta juya bayansu tana karanta kwanan wata, ta ga duk tsofaffi ne.

Matar manomin ce ta yi magana. Ta sunkuya ta ƙura miki ido, ta ce wannan ba ita ba ce. Ita in tana gona, kanta a ƙasa yake, tana aiki. Wannan kuwa a kowane zane ta juya wa gonar baya, tana kallon hanya. Ta tambaye ni wa take jira. Na buɗe baki, sai kuka ya zo mini, a gaban 'yan sanda, da gemuna da komai.

An rufe maganar. Manomin bai ba ni haƙuri ba, amma shi ya ɗaukar mini zanen har bakin bas. Takardar izinin zamana ta fito jiya, na kuma shigar da ta ɗauko ku.

Har yanzu in an taka matakala gabana yana faɗuwa. Amma ki nemo ɗankwalin nan ki wanke. Shekara huɗu ina tsayar da ke a bakin hanya, ban taɓa lura ba sai da wata ta gaya mini. Ki yafe mini. Ki zo in zana ki a zaune.

Mijinki mai kewarki,
Baban 'Yan Biyu