Ni Kaɗai Ke Gane Maganar Babana

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ƙarfe huɗu da kwata na yammar wata Laraba abin ya fara, na san lokacin don ina zaune ƙofar ɗaki ina bitar darasi da agogo a gabana. Babana yana bisa tsani yana jera damin gero a rumbu, sai na ji faɗuwa. Ko da na isa, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. A likita, wato asibiti, a Tanut suka ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta shanye masa ɓarin jiki, suka ba mu magani, suka ce mu koma gida.

Ni ɗaliba ce a lise, babbar sakandare, bana ya kamata in yi bak, jarrabawar gamawa, amma na ajiye karatun. Ƙauyenmu yana cikin karkarar Gangara, kuma gidanmu kaɗai ne na Kirista. Mu huɗu ne mata, Inna da ni da ƙannena biyu, babu namiji sai shi. Tun da ya kwanta harshensa ya yi nauyi, abin da yake faɗa ko Inna ba ta ganewa. Ni ce na zauna kusa da shi har kunnena ya saba, yanzu duk wanda ya zo dubiya ni yake kallo in faɗa masa abin da Baba ya ce.

Na yi addu'a, 'yan'uwa. Na yi azumi har na faɗi a bakin rijiya. Na karanta masa Zabura daga farko har ƙarshe, na sake. Na roƙi warkarwa, ba ta zo ba. Na rage, na roƙi ya iya zama da kansa. Na ƙara ragewa, na roƙi ya iya haɗiye kunu ba tare da ya ƙware ba. Kowane mako sai ya ƙara ramewa, yanzu bayansa ya fara miki. Da na kira fasto a Tanut, ya ce in ci gaba da addu'a, lokacin Allah ba namu ba ne. Na ce to. Amma gaskiya in na durƙusa yanzu, ji nake kamar da bango nake magana.

Sai ga maganar Baffa, ƙanen Baba. Shi Musulmi ne, kuma ba mugu ba ne, shi ya ɗauke mu a amalanke har bakin hanya ranar da abin ya faru, shi ya ƙarasa mana girbi. Makon jiya ya kira ni bayan gida, idonsa da hawaye, ya ce ba zai iya kallon ɗan'uwansa ya mutu babu mai wanka babu mai salla ba. Ya tuna mini da kakan Baba, wanda ya karɓi bangaskiya a Damagaram a shekarun alif ɗari tara da ashirin, da ya dawo ya rasu ba a samu mai haƙa masa kabari ba, matarsa da wani makiyayi mai wucewa suka tona abin da suka iya, kuraye suka ƙarasa. Duk garin an san labarin, da shi ake tsorata yara.

Abin da Baffa ke so ɗaya ne. Ranar Juma'a zai zo da dattawa biyu su zauna gaban Baba, in ya yi magana, ni in ce kalmar shahada ya yi. Ya ce babu wanda zai ƙaryata ni, tunda babu mai jin sa sai ni. Na ce ba zan iya ba, ya ce to in faɗa masa wa zai haƙa ƙasarmu ta Damargu da rani, ni ko Inna? Fasto kuma kafin ya samo mota ya iso, zafi ya riga ya lalata gawar. Jiya ya aiko da farin yadi daga kasuwa, Inna ta naɗe shi ta ɗora bisa akwati, har yanzu yana nan inda Baba ke iya hango shi.

Ina tambayarku, in na faɗi ƙaryar don a rufe ubana kamar mutum, na musunci Ubangijina ke nan? In na ƙi, aka bar mana gawa mu huɗu, me zan yi? Kuma wanda ya taɓa yin addu'a wata da watanni aka yi masa shiru, da me ya riƙe? Kar ku turo mini aya kawai, na san ayoyin. Ku faɗa mini abin da za ku yi ranar Juma'a in ku ne.

Ɗazu da rana ina ba shi kunu na kasa daurewa, na faɗa masa komai, har da cewa na fara shakkar ko Allah yana jin mu. Ya daɗe yana kallona, yana kokawa da harshensa, miyau na zuba ina sharewa. Sai da ya maimaita na gane.

Ya ce, "Ni ma shiru yake mini, 'yata. Amma kar ki sa mini magana a baki."