Keken Da Kuka Ba Mahaifina Ya Zaunar Da Shi

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Kula da Ƙaramin Asibitin Unguwarmu, Batsari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa irin ta 'ya ga uba, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Yaya haƙuri da jama'a, yaya kuma wannan zamani da muka tsinci kanmu a ciki? Allah ya yaye mana.

Sunana Saratu, malamar firamare, 'yar Malam Sada manomin Yasore. Na yi ta sintiri a ƙofar gidanka, kullum sai a ce ka tafi Katsina, ko kana da baƙi, ko yanzun nan ka kwanta. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani. Ba rashin kunya ba ne, Baba Alhaji. Ƙafafun mahaifina ne ke mutuwa ina kallo, kuma makullin ɗakin da ake gyara su yana aljihunka.

Bari in faɗa maka yadda aka faro. Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma a wajenmu, muka ɗauko Baba muka dawo cikin gari, gidan haya. Dama gigin tsufa ya fara taɓa shi, canjin wuri kuwa ya ƙarasa rikita shi. Hajara yake kirana, sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ina goye. Da rana tsaka sai ya miƙe yana neman fartanya, wai gero na son maimai. A gidansa na ƙauye ko ido rufe ya san inda zai sa ƙafa. A nan kuwa dokin ƙofa na siminti ne, mai tsawo. Wata la'asar ya ɗauki buta zai yi alwala, ya yi tuntuɓe, ya faɗi a kan ƙugu. Allah ya kiyaye bai karye ba, amma tsoro ya shige shi, ya kwanta ya ƙi tashi. Kafin wani lokaci ƙafafunsa sun koma kamar karan gero.

A nan Allah ya haɗa mu da Likita Binta. Ka san ta, ai kai ka ba ta ɗakin bayan asibiti da farko. Likitar gashi ce, irin masu gyara jiki da motsa gaɓoɓi, ba allura ba ƙwaya. 'Yar Safana ce, tana ƙaro karatu, bincikenta kuwa a kan faɗuwar tsofaffi ne da raunin tsufa da yadda za a tada masu gigi su ci gaba da tafiya. Sau ɗaya a mako take hawo babur daga Safana, a kan wannan hanyar da maza ma sai sun yi addu'a kafin su hau. Ita ta sa mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a jikin bangon ɗakin.

Da farko Baba ya gagare ta. A ce masa ɗaga ƙafa, sai ya yi ta kallonka kamar ka yi masa Turanci. Ranan nan suna cikin haka aka kira azahar a masallacin da ke bayan katanga, sai ta ga ya fara lalubar bango zai tashi. Daga ranar ta sauya dabara. Ta shimfiɗa darduma gefen ƙarfen, ta fuskantar da shi alƙibla, yayana Lawal na tsaye a bayansa. Tsayuwa, ruku'u, sujada, a tashi, hannu ɗaya na kan ƙarfe. Mutumin da ya manta sunana, wallahi bai manta Fatiha ba. Ta kuma yi mana faɗa a kan abin da muka tashi da shi a matsayin ladabi: da mun ga tsoho ya motsa sai mu riga shi, mu karɓe buta, mu kawo ruwa, mu ce zauna Baba ka huta. Ta ce a bar shi ya ɗauki butarsa da kansa, mu dai mu tsaya kusa. Yaya Lawal ya ji haushin maganar, har ya ce ko gidansu ba a koya mata girmama manya ba. Amma kafin azumi, da idonsa ya ga Baba ya taka da sanda har masallacin kan kwana, ya bi sahu.

To ga abin da ya kawo ni.

Na farko. Bayan ƙaramar salla muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin. Na leƙa ta taga, buhunan taki da kayan tallafi sun cika shi har sama, ƙarfen dafawar ma an rataye igiyoyi a kai. Aka ce da Likita Binta ta yi aikinta a baranda. Haba, ranka ya daɗe! Wace tsohuwa ce za ta yarda a kama mata gwiwa a baranda, masu jiran allura da masu sayar da awara suna kallo? Wane dattijo ne zai yarda a ga yana rawar ƙafa a gaban surukansa? Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa. Duk garin nan an rasa inda za a tara taki sai ɗakin tsofaffi?

Na biyu, kuma shi ya fi ƙona mini rai. A farkon damina kuka yi taron raba keken guragu. Duk mai furfura aka kira aka zaunar, aka ɗauki hoto, aka tafa. Ba wanda ya tambayi likitar wa ke buƙata, wa ba ya buƙata. Baba da ƙafarsa ya je wurin taron, a tura aka dawo da shi. Tun daga ranar maganata ta daina shiga a gida. Yayyena suka ce kyautar Alhaji ce, ba a jingine ta a bango. Suka ce in mutane suka ga Baba yana dogara sanda alhali ga keke a gida, za a ce 'ya'yan Malam Sada ba su da tausayi. Suka ce tunda manya sun rufe ɗakin gashi sun ba da keke, ai keken ne maganin. Ni da safe ina makaranta. In na dawo, na iske shi cikin keken a gindin bango, da ya yunƙura sai wani ya dafa masa kafaɗa. Kar a ce ina ƙin keke. Maƙwabcinmu Malam Dikko ɓarin jikinsa ya shanye, a buhu 'ya'yansa ke ɗaukarsa zuwa banɗaki, shi bai samu ba, don bai iya zuwa wurin hoto ba.

Na uku. An gaya mini, kuma a gaban mutane aka yi, cewa wani daga cikin kwamitinku ya ce wa Likita Binta bin gida gida ana tambayar tsofaffi inda suka faɗi aikin marasa aiki ne, ba ya cika ciki. Na san yunwa, Baba Alhaji, albashin malamar firamare ba ya ganin tsakiyar wata. Amma ku kun zauna kun ji abin da ta gano? Ta ce tsofaffin da aka kwaso daga ƙauyuka sun fi faɗuwa a dokin ƙofa da hanyar banɗaki, a gidajen da ba nasu ba. Ta ce a kafa itace mai ƙarfi a wurin alwala, a rage tsayin dokin ƙofa, a bar tsoho ya riƙa motsi. Me ke da tsada a nan? Yanzu an kira ta aiki a wani babban asibiti a birni. Ta ce mini in kaka ta yi ba ɗaki, za ta tafi, kuma ban ga laifinta ba. In ta tafi, sai mu ɗora tsoho mai gigi a mota zuwa Katsina duk mako, da wannan tsadar man da wannan hanyar? Ta kuma faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in Baba ya ƙare daminar nan a zaune, da wuya ya sake tsayuwa.

Roƙona bai da yawa. A kwashe takin a buɗe ɗakin tun kafin mako ya zagayo. A bar likitar ta duba waɗanda aka ba keke, wanda ke iya takawa a karɓa a kai wa irin su Malam Dikko. Kai kuma da bakinka, bayan sallar Juma'a, ka ce wa jama'a keken ba wajibi ba ne, domin yayyena naka za su ji, nawa sun daina ji. A kuma ba ta haƙuri a kan maganar da aka yaɓa mata.

Jiya Asabar ina gida aka kira azahar. Na kori kowa daga kusa da shi, na miƙa masa hannu. Ya dafa, ya yunƙura, ya sake yunƙurawa har gumi ya keto masa, gwiwoyin suka ƙi. Ya sunkuya ya shafa ƙafafunsa tun daga cinya har idon sawu, yana neman wani abu. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, “Hajara, wa ya ɗaure ni?” To ga tambayarsa nan na kawo maka.

Allah ya ja da ranka, ya ba ka tsufa mai lafiya, ya sa ka yi sallarka a tsaye har ranar da za a yi maka taka.

Wassalam.

Saratu, 'yar Malam Sada na Yasore,
Batsari.