Hannun da ke Bangon Treichville

Adjamé Saint-Michel, Abidjan

Yaya Kailu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya baƙunta a Ostareliya? Inna na gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Na ga hotunan kogon dutsen da aka kai ku cikin daji, inda ka ce kakannin 'yan asalin ƙasar sun ɗora hannu a jikin dutse suka fesa jar ƙasa da baki, shatin ya zauna har yau. Ka ce sun tuna maka hannun marigayi Baba na bangon tsohon gidanmu na Treichville, wanda aka zagaye da shuɗin fentin kwantena. To, mai gidan ya sayar, za a rushe.

Tun da na ji na kasa zama. In buɗe shago in rufe, in hau gbaka, motar hayar nan, in je in duba gidan. Da na faɗa maka a waya ka ce in sa a yanko maka wurin, kamar biredi ne. Magini ya duba, ya ce bulon ya ruɓe, yana taɓawa zai zube. Raina a ɓace yake, Yaya. Ko hoton kirki na Baba ba mu da shi.

Ƙanwarka,
Zalihatu

Yaya Kailu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. An rushe gidan.

Kafin nan Inna ta matsa sai na kai ta. Da ƙyar muka hau mota. Muna shiga ta dafa ni, ta je ta ɗora hannunta cikin shatin. Ya zauna daram, har ɗan yatsan nan nata da ya karkace.

Ashe nata ne. Ta ce ranar da suka tare Baba ya dawo daga aikin tashar jirgin ruwa da ragowar fenti, ya kama hannunta ya manna a bango ya fesa, wai don kowa ya san gidan na da mai shi. Da na tambaye ta me ya hana ta faɗa, ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta.

Na yi kuka, na kuma ji haushinka. Kana can kana bin hannuwan kakannin wasu a kogo, azumi nawa ke nan ba ka zo ba?

Hannun da ka ce in yanko maka yana nan Adjamé. Ya fara rawa in Inna ta ɗauki kofi. Ka zo ka riƙe shi.

Taka,
Zalihatu